Fuskar Yaya a Kan Kwali

Tun da faɗa ya ci unguwarsu, Auta ba ta sake yin zane ba. Shagonta na zane ya ƙone, gidan ma haka, hotuna da wayoyi duk sun tafi. Ita da Mama suka ƙare a wani ajin makaranta tare da sauran masu gudun hijira. Yayanta, direban motar haya, ya fita ranar da abin ya faru, bai dawo ba.

Mama ta zaga asibitoci har ƙafarta ta kumbura. Ko'ina tambayar ɗaya ce: ina hotonsa?

Wata safiya ta ajiye wa Auta kwali da guntun gawayi. "Ki zana min shi."

"Mama, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Kin zana mutanen da ba ki sani ba, sai ɗan'uwanki ne zai gagare ki?"

Auta ta zauna a bakin taga. Goshin ya fito, haka ma kunnuwan nan da take tsokanarsa da su, wai hannun kofi. Da ta zo kan idanu sai ta tsaya cak. Tana jin muryarsa, tana jin dariyarsa, amma fuskar ta ƙi zama wuri ɗaya. Ta zana, ta goge da bakin mayafi, ta sake, har kwalin ya fara hujewa.

"Wannan ba ɗana ba ne," in ji Mama. "Ɗana ba ya ɗaure fuska haka."

"To yaya yake, Mama? Ki faɗa min. Wallahi na manta."

Mama ta yi ƙoƙarin kwatanta shi. Ita ma ta kasa. Can ta kama haɓar Auta ta juyo da ita wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Idonku ɗaya. Dubi gilashin taga."

Haka ta yi, tana kallon kanta tana zane, hawaye na ɗiga a kwalin. Da ta gama, Mama ta rungume kwalin ta fita.

Da yamma ta dawo babu labari. Wani mai gadin asibiti ya ce kamar ya taɓa ganinsa, kamar kuma bai gani ba. A bayanta akwai wata mata daga ajin kusa, riƙe da nata kwalin, tana tambaya ko Auta za ta iya zana mijinta in ta kwatanta mata shi.

Auta ta ce ba ta yi alkawarin zai yi kama ba. Matar ta ce ta ji, ta zauna.