Zomanyar Badruddeen

Amatullahi ta sauka daga keke napep da kyar a wurin aikin mijinta, ta dafa sandarta, ta tsaya har zugin ƙugunta ya lafa. Tun ƙarfe tara take zaune a Tudun Wada da mayafinta tana jiran mijinta ya zo ya kai ta wajen likitan ƙashi. Bai zo ba, bai kuma ɗaga waya ba.

Ciwon sikila ne ya hana jini kaiwa kan ƙashin cinyarta, har ƙashin ya fara mutuwa. Mijin nata Badruddeen, likitan dabbobi, wannan ciwon yake bincike a kai. Yakan yi wa zomaye allurar da ke jawo musu shi, sannan ya gwada magani a kansu. A gida ba shi da hira sai tasu.

Nonso, abokin aikinsa, ya tarbe ta a bakin ɗakin gwajin.

"Madam, sannu da zuwa. Oga yana ciki, tun safe bai fita ba."

Ta same shi a durƙushe, ya rungume wata farar zomanya, yana murza mata cinya a hankali yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Rabon da ya taɓa ƙafar Amatullahi haka, ita kanta ta manta. Ya ajiye zomanyar, ta yi tsalle har ƙarshen ɗakin ba ɗingishi. Fuskarsa ta cika da murna.

"Kin gani? Watan jiya ko tsayuwa ba ta iya yi."

"Na gani, Malam. Ta yi sa'a, tana da mai kula da ita."

Sai a lokacin ya dubi agogo, ya dafe kai.

"Yau ne asibiti. Ki yafe mini, Amatu. Ai duk don ke nake yin wannan."

"Don ni? To yaushe maganin zai iso kaina?"

Ya ce, "Da sauran shekaru. Kafin nan sai an yi miki aiki."

Ta dubi zomanyar tana cin ganyen kabeji hankalinta kwance.

"Sai ka kai ta gida, ka ba ta gadona."

Nonso, wanda ke wanke hannu a gefe, ya ce, "Ba za ta je ko'ina ba, Madam. Gobe za mu kashe ta, mu ciro ƙashin mu duba ko da gaske ya warke."

Amatullahi ta dubi mijinta. Ya kau da kai.

Ta jingine sandarta a bango, ta zauna a benci a hankali.

"Miƙo mini zomanyar," ta ce wa mijinta. "Ka kira likitan ka ce sai jibi, bayan an gama da ita."