Ruwan Wankan Marka

"Ruwan tafki dai ruwa na," in ji Mai'unguwa Na'Allah daga zaure. "A ɗebo a yi mata sutura, rana na yi."

Ina tsakar gida riƙe da likkafani. Marka maƙwabciyata ta cika da hantsi, katanga ɗaya ce tsakaninmu a ƙauyenmu da ke kan hanyar Kebbe. Jiya da la'asar ta kama hannuna ta ce, "Atu, kada ku bari a wanke ni da ruwan kurkunu. Shi yac cinye min ƙafa, ba ya raka ni kabari." Na ce to. Ga shi kuwa famfon tuƙa-tuƙa ya mutu tun da ta kwanta, randuna duk ruwan tafki ne a ciki.

Shekarar da ma'aikatan raya karkara suka haƙa rijiyar, wata Baturiya a cikinsu ta kafe sai an sa mace cikin masu koyon gyara. Maza suka yi dariya suka tura Marka, tsohuwa mai ɗingishi, don a rabu da maganar. Samarin da aka koya wa tare da ita duk suka tafi Sakkwato aikin kwangila. Ita ta rage da sifana.

Na matsa bakin zaure na faɗi wasiyyarta.

"Wa za ya gyara?" in ji Na'Allah. "Kafin makaniki shi zo daga Tambuwal, gawa ta kwana."

"Kulu ta iya," na ce.

Kulu matar Malam Ladan ce, limaminmu, tana cikin kulle. Marka takan kai mata tsofaffin ƙarafa har ɗaki, su baje a tabarma su harhaɗa. Famfon kansa Kulu ba ta taɓa ganinsa ba, sai dai ruwansa.

"Matar liman bisa rijiya da rana tsaka?" Na'Allah ya ce. "Malam, ka ji mata."

Malam Ladan ya gyara zama. Sannan ya ce, "Wankan mamaci wajibi na bisa gare mu duka. In mutum guda yai yi, ya ɗauke muna. Ba a ce sai namiji ba." Ya miƙe ya tafi gida da kansa.

Kulu ta fito lulluɓe. Mata muka bi ta, muka kewaye famfon da zannuwa kamar yadda ake kāre mai haihuwa a hanya. Ta kwance murfin ta leƙa.

"Wanga ya fi na tabarma girma," ta ce.

"Miji ma ya fi yadda anka ba ki labari, kin dai zauna," in ji tsohuwa Na'iya. Muka yi dariya da hawaye a ido.

Sarƙar ce ta fice, notin ya faɗa gefe. Sau biyu sandar ƙarfen na kuɓuce mata, sai da ni da maƙwabciyarmu Maimuna muka riƙe ta ɗaura. Na'iya ta kama hannun famfon ta danna. Iska ta fara fitowa, sai tari, sai jan ruwa, daga baya ya washe.

Da shi muka wanke Marka. Kafin azahar maza sun kai ta.

Da suka dawo daga maƙabarta, Na'Allah ya tsaya a rijiyar ya wanke ƙafafunsa. Daga baya ya aiko a tambayi Malam ko Kulu za ta riƙa dubawa ranar Juma'a. Malam ya ce a tambayi Kulu.

Da yamma na shiga yi mata sannu. Na tarar da ita bakin murhu tana goge baƙin mai daga yatsunta da toka, 'yan mata uku na unguwa sun tsuguna gabanta suna jiran ta gama ta koya musu.