Duwatsu Bakwai a Burtalin Furana

Shekara biyu da samun 'yancin kai, babu mai ɗaga kafaɗa a ajin Yaƙi da Jahilci na Furana kamar Ashafa. Ya ba hamsin baya, amma shi ya fara haɗa baƙi, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba. Wata Laraba bayan la'asar, malamin ajin, Malam Uwaisu, ya miƙa masa ɗan littafi ya ce ya karanta wa jama'a.

Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan ƙasar Fotugal, shekaru ɗari huɗu da ɗoriya da suka wuce. Ashafa ya gyara zama, yana bin layi da yatsa. Mutumin ya yi wata da watanni a teku, ruwan shansu ya yi wari, haƙoran mutanensa suna zubewa, amma ya ƙi juyawa. Ashafa ya jinjina kai, domin yana son mai taurin zuciya. Sai aka zo inda aka ce jirgin yana ɗauke da sassaƙaƙƙun duwatsu. Duk bakin kogin da mutumin ya sauka sai ya kafa ɗaya, ya rubuta wa sarkinsu cewa ya gano ƙasa. Daga baya 'yan'uwansa suka gina gidajen ciniki a wuraren, da katanga da igwa, suna sayen zinariya da hauren giwa, har da mutane.

Ashafa ya ɗago. "Malam, wuraren nan ba kowa ne?"

"Da mutane, Baba, da kasuwarsu da sarkinsu."

"Ya nemi mai masauki?"

"Bai nema ba."

Ran Ashafa ya ɓaci ƙwarai. "To wannan ai ba fatauci ba ne. Ka iske wuri da masu shi tun kaka da kakanni, ka dasa dutse ka ce naka?"

'Yan aji suka fara waiwaye. A can baya akwai Sani, makiyayin da ya shigo ajin don ya riƙa karanta takardar allurar shanu da kansa. Kowa ya san bara da rani, da shanu suka yi kudu, Ashafa ya jera duwatsu bakwai a burtalin da garken su Sani ke bi zuwa rafi, ya dasa rake, ya ce ai fili ne ya tarar ba kowa. Jibi Juma'a dagaci zai yanke hukunci kan rikicin burtalin, dagacin kuwa ɗan ƙanwar Ashafa ne.

Sani ya ce a hankali, "Ci gaba, Baba, muna ji."

Ashafa ya ci gaba har shafin ƙarshe, amma muryar ta rage kauri.

Washegari bai yi sammako don ya ɓoye ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi, masu tafiya gona suna wucewa, sannan ya ɗauki diga ya gangara burtalin. Raken ya kai masa kafaɗa, kore shar, wahalar wata takwas. Matarsa Kulu ta biyo shi har bakin gona.

"Malam, Juma'ar fa gobe ce, kuma kai za a ba gaskiya."

"Na sani," in ji shi, ya kafa diga.

Ɗaya bayan ɗaya ya tuge duwatsun, ya gangarar cikin rafi. Na bakwai ya fi wuya, domin shi ya fi binnewa da kyau.

Yana share gumi Sani ya iso da garke, ya tsaya yana duban raken, ya kasa kora.

"Wuce da su, ɗan nan. Hanyarku ce."

Shanu suka kutsa, rake yana karyewa ƙas-ƙas. Abin ya yi wa Ashafa zafi har cikin ƙirji, amma bai sunkuyar da kai ba, a tsaye ya kalla har ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce.

Sani ya durƙusa zai yi godiya, Ashafa ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Mutumin nan na Fotugal bai taɓa komawa ya tuge nasa ba," ya ce. "Na duba har ƙarshen littafin, kuma da kaina na karanta."