Butar Libiya da kunyar Jibrilla

Duk wanda ya san Jibrilla mai gyaran wuta a Tawa ya san bakinsa ba ya hutawa. Amma ku kai shi Affala gidan surukinsa Alhaji Illa, sai ku rantse kurma ne. Ko ruwa ba ya sha a gaban tsohon.

Shi ya ɗora wa gidan faranti mai ɗaukar rana, da batir, da akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida. Duk don ɗan firigon da ake ajiye allurar ciwon sukarin Alhaji. In zafi ya taɓa ta, ta lalace.

Ran nan da hantsi, ana tsakar bazara, ya zo gaisuwa ya tarar da baƙo a zaure, Hamid mai raƙuma daga arewa. Tsakaninsu ga wata buta mai igiyar lantarki tana ƙyalli, wadda ɗan Alhaji ya aiko daga Libiya.

"Yau ba gawayi," in ji Alhaji. "Hamid za ya ga shayin zamani."

Jibrilla na durƙushe bakin ƙofa. Ya karɓi butar kamar mai yabawa, ya juya gindinta ya karanta. Volt ɗari biyu da ashirin, amfa biyar. Ya raba na farko da na biyu a ransa, ya samu om arba'in da huɗu, wato ƙarfin da take tare wuta da shi. Na firigo ɗari huɗu da arba'in ne, shi ya sa yake kurɓar rabin amfa kawai. Wannan kuwa maƙogwaronta a buɗe yake. Ya ninka volt da amfa, ya ga wutar da za ta ja wat dubu da ɗari ce. Akwatinsa ɗari shida yake ɗauka. Gumi ya karyo masa.

To, a ce wa suruki "kada ka yi", gaban baƙo? Ya leƙa ko zai hango matarsa Raƙiya ta faɗa a madadinsa, ashe ta tafi barkar haihuwa. Sai ya dubi ƙasa.

"Baba, butar ga tana jan wat dubu da ɗari."

"Dubu da ɗari! Ka ji, Hamid? Ba irin tarkacen kasuwar Tawa ba ne."

"Akwatin kuwa, Baba, ɗari shida..."

"Madalla. Allah shi yi maka albarka. Sa mana ita."

Kuma wallahi da hannunsa ya sa. Ni wannan ne ya fi ba ni haushi.

Akwatin ya yi ƙara kamar ɗan tsako, ya saki wani wari, firigo ya yi tsit. Ruwa ko ɗumi bai yi ba. Hamid ya tashi ya ciro gawayinsa daga jaka.

Jibrilla ya buɗe akwatin, ciki ya yi baƙi ƙirin. Irinsa sai Tawa, in ma an samu. Ya kwaso kwalaben allura ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya tura su gindin randa, ya hau babur.

Alhaji ya biyo shi har ƙofa, murya ƙasa don kada baƙo ya ji.

"Yaro, ka san haka za ta yi?"

Jibrilla ya sunkuyar da kai.

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Jibrilla ya gyara zama. Ya tada babur, rana na dukan ƙeyarsa, tsumman can gindin randa ya riga ya fara bushewa.