Tukunyar da ta kwana a gidan Sosamma

"Sosamma, ke ɓarauniya ce. A gaban kowa nake faɗa, tukunyar uwata tana ƙarƙashin gadonki!"

Ko takalmi Bhargavi ba ta cire ba. Mata tara ne zaune a ɗakin bayan coci, inda matan mashaya da uwayensu ke haɗuwa kowace Laraba da la'asar. Saura kwana biyu bikin girbi na Onam, kuma a irin wannan zama kowa kan faɗi abu ɗaya da take godiya a kansa. Bhargavi ba godiya ce ta kawo ta ba.

"Chechi, zauna mana," in ji Sosamma.

"Kar ki kira ni yayarki. Mai tallan kifi ta gani da idonta."

Matan nan suna da al'adarsu. Mako guda kafin biki, kowa kan kwashe abin da miji zai iya sayarwa ya sha giya, ta kai gidan 'yar uwarta ajiya: keken ɗinki, fitilar tagulla, 'yan kunne. Shekara shida Bhargavi tana kai faffaɗar tukunyar tagullar da ta gada. Bana ta ƙi. Mijinta Velayudhan ya yi wata biyar bai kurɓa ba, ta kuwa bugi ƙirji ta ce gidanta ya wuce ɓoye kaya. Ga 'yarsu Ambili, wadda rabonta da gida shekara huɗu, tun ranar da uban ya bugu ya kife a kan ganyen ayabar da aka jera wa baƙi abinci a kai, ta ce bana za ta zo da yara. A tukunyar nan Bhargavi ta yi niyyar dama musu payasam, shinkafa da madarar kwakwa da mazarƙwaila.

Ran Litinin ta dawo daga aikinta na murza igiya, ba tukunya. Ba irin zagin da ba ta yi wa Velayudhan ba. Ta shinshina bakinsa, ta zazzage aljihunsa, ta hana shi abinci. Har ta yanke cewa yau za ta kira Ambili ta ce kar ta zo, uban ya koma shan giya.

"Nawa kika ba shi?" ta tambaya. "Kwalba nawa ce kuɗin tukunyar uwata?"

Sosamma ta dubi Rahel, tsohuwar malamar makaranta mai jagorantar zaman. Rahel ta gyaɗa kai.

"Ya roƙe ni kar in faɗa, amma tunda har kin kai ga kira na ɓarauniya, bari ki ji. Shi ya kawo ta da hantsi, a kansa, gumi sharkaf. Ya ce min, 'Sosamma, tun jiya nake kallon tukunyar nan ina ganin kwalba. Abokai sun dawo gida biki, sai kirana suke. Ki ɓoye min ita kamar yadda kuka saba. Kar Bhargavi ta ji, ta riga ta yi alfahari da ni a gaban mutane.'"

Bhargavi ta lalubi benci ta zauna.

"Ta wace hanya ya bi?"

"Hanya nawa ce zuwa gidana?"

Ɗaya ce. Ta gaban shagon giyar da ke bakin tashar mota take wucewa, inda maza ke jera layi tun safe a makon biki, kuma akwai mai sayen tagulla a gefensa.

"To wa ya ciyar da shi? Ni dai ban ba shi ba."

"Ni mana. Ci kamar gara, ya kusa cinye min kifin biki."

Aka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Chechi, shinshina bakin nan fa, yaya kika ji?"

"Warin kifinta na ji, munafuka, na ɗauka a shagon ya ci." Ta share ido da gefen zanenta da ƙarfi, kamar mai goge kwano.

Rahel ta ce, "Layi ya zo kanki. Me kike godiya a kai?"

"Ban iya daɗin baki ba. Na gode wa Sosamma da gadonta. Na gode wa wannan tsohon wawan da ya ji tsoron kansa. Na gode muku da ba ku kore ni ba, shekara shida ina muku ihu. Ambili za ta zo, kowa ta zo da kwanonta ran Juma'a."

Aka fara tafi, ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Malama, ɗauko biro ki rubuta wasiƙa, ni zan dangwala yatsa. Mutum ya yi wata biyar yana kokawa da ransa, sai an sa shi wucewa ta bakin shagon nan kullum kafin ya hau mota? Wani ne ya sa hannu aka buɗe shi a wurin, yana da suna, yana da kujera. Ki rubuta masa ya zo ranar Laraba, ya zauna a kan bencin nan, ya dubi idonmu ya ba mu amsa."