Jirgin da Ya Nutse a Bahon Wanka

Ɗalhatu Bawa mutumin Funtua ne, kuma har ya gama jami'a ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa. Aiki ya kawo shi Dubai, wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, inda yake yini yana bin sawun kwantenonin mutane a kwamfuta. Bai iya iyo ba. Ko abra, ɗan kwalekwalen da kowa ke tsallaka ruwan Deira da shi, ba ya shiga, gara ya zagaya ta jirgin ƙasa. Wannan bawan Allah ne ya wayi gari da ciwon ƙera jiragen ruwa.

Wani abokin aikinsa ɗan Indiya ya shafa masa. Jirage ne ƙanana na katako, kwaikwayon irin na da masu tafiya da iska. Ana sayo katakai sirara kamar tsinken tsire, a jiƙa su a ruwan zafi, a lanƙwasa, a manna ɗaya bayan ɗaya da gam. Wanda Ɗalhatu ya sa a gaba shi ne bum, babban jirgin da Larabawan yankin suke kai dabino Indiya da Zanzibar da shi. Nasa bai wuce tsawon hannu ba, amma ya cinye masa shekara guda, ya kuma cinye teburin cin abinci da duk fegin shanyar gidan, don da su yake matse katako kafin gam ya kama.

Matarsa Muhsinat nas ce a wani asibiti. Ta yi faɗa, ta yi nasiha, daga baya ta haƙura.

“Wasu mazan shisha suke bi,” ta ce wa ƙawayenta. “Nawa gam yake shaƙa, amma a gida.”

A watan Maris na 2020 mahaifiyarta, Hajiya Turai, ta zo daga Katsina don likita ya duba mata gwiwa. Mako biyu aka shirya za ta yi. Sai cutar korona ta rufe filayen jirgi, aka sa dokar kulle, Hajiya ta maƙale a ɗan gidansu na unguwar Al Muraqqabat, ciki ɗaya da falo. Suka bar mata cikin, su suka dawo falo suna kwana a gindin jirgi.

Muhsinat ce ’yar farin Hajiya, don haka ba ta faɗin sunanta, balle na mijinta. Ɗalhatu kuwa ba ya iya cin abinci a gaban surukarsa, sai ya ɗauki kwano ya tafi baranda ya ci yana kallon injin sanyin maƙwabta. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta kan Muhsinat take bi, ko da kuwa gwiwarsu na kusan gogar juna.

“Ke,” Hajiya ta ce ranar da ta fara ƙare wa teburin kallo, “tambayar min mutumin naki, wannan na sayarwa ne?”

“Ta ce na sayarwa ne?”

“Ce wa Hajiya a'a, sha'awa ce kawai.”

“To yaran wa za su yi wasa da shi?”

“Ce mata ba na wasa ba ne. Ajiyewa ake yi ana kallo.”

Hajiya ta dubi gemun surukinta, ta dubi ɗan hantsakin da ke hannunsa, ta ce, “Allah mai iko.” Washegari ya tarar ta rataye carbinta a doguwar sandar jirgin, ta kuma zuba goro biyu a cikinsa. Ya kwashe goron a hankali ya sa a faranti, ta mayar da shi bayan la'asar.

Amma raini a cikin gida daban, a waje daban. Hajiya tana da ƙanwa a Katsina, Wasila, wadda tun suna yara suke gasa a kan komai. Surukin Wasila ya gina mata bene, kuma ba a gama waya ba ta ambaci benen ba. Don haka da Wasila ta tambayi aikin mijin Muhsinat, Hajiya ta ce injiniyan jiragen ruwa ne, har ma akwai wanda yake ƙerawa yanzu a cikin gida.

Ranar da abin ya faru Muhsinat tana asibiti, Ɗalhatu kuma ya samu izinin fita ya tafi Jebel Ali saboda wata kwantena da ta ƙi fita. Wasila ta kira ta bidiyo, ta ce a nuna mata jirgin. Da ta gani sai ta kwashe da dariya.

“Yaya, wannan ai akushi ne aka kafa wa sanda. Yana ma tafiya a ruwa?”

“Da a tudu zai yi tafiya?”

“To mu gani.”

Hajiya ta miƙe, ta manta da gwiwa. Ta tara ruwa a bahon wanka, ta sa mai ɗumi don kada sanyi ya kama mata hannu. Ta rungumo jirgin, ta yi bisimilla, ta ɗora shi. Ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya kwanta a gefe guda, ruwa ya cika shi, ya nutse har sandarsa.

“Sabis ya ɗauke,” in ji Hajiya, ta kashe wayar.

Da a take ta tsamo shi, da abin ya zo da sauƙi. Amma Wasila ta sake kira, kuma Hajiya ba za ta bari a ce ta gudu ba. Ta koma ɗaki ta ɗauka, ta yi bayani mai tsawo cewa jirgin teku ne, ruwan gishiri ya saba da shi, ba na famfo ba. Daga nan hira ta gangara kan wani biki da aka ɗage. Kafin ta tuna ta koma banɗaki, ruwan ya yi fari da gam, katakan sun buɗe kamar ɓawon ayaba, wasu suna yawo a sama abinsu.

Ɗalhatu ya dawo da yamma, ya wanke hannu, ya durƙusa ya gaishe ta. Tana zaune a kan sallaya da hijabi har ƙasa. A gabanta akwai babban tire, a kansa wani abu naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya dubi tebur, ya ga wayam.

Babu Muhsinat da za ta ɗauki saƙo. Hajiya ta juya ta fuskanci firij.

“A gaya wa mai gidan nan,” ta ce wa firij ɗin, “an gwada abin nasa, kuma bai ci jarrabawa ba.”

Ɗalhatu ya ɗaga tawul. Ya daɗe yana kallo. Wani siririn katako ya zame ya faɗo kan kafet.

“Babu komai, Hajiya,” ya ce.

“A kuma gaya masa gara da aka gane yanzu. Da da mutane a ciki fa?”

Ya tashi ya fita baranda ya rufe ƙofa. Da Muhsinat ta dawo ta ji labari, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce innalillahi, ta dafa kafaɗar mijinta, sannan ta tambayi wane ruwa aka sa. Da aka ce mai ɗumi, sai ta zube a kan kujera tana dariya har da hawaye, takunkumin fuskarta na lilo a kunne ɗaya.

Ɗalhatu bai sake taɓa tiren ba. Yana gaisuwa, yana aikinsa, yana kai kwanonsa baranda, amma ya daina fito da ’yan waƙe-waƙen da yake yi in yana goge katako. Azumi ya kama, gidan shiru. Hajiya ba za ta iya ba suruki haƙuri ba, harshenta ba zai ma juya ba. Amma shirun ya fi ciwon gwiwa damunta.

Wata safiya ta sa tabarau, ta ja kujera gaban tebur. Ta jera katakan a kan jarida, ta danne waɗanda suka karkace da dutsen guga da ƙasan tukunya. Shekarunta talatin tana ɗinkin hula, ƙaramin aiki ba ya ba ta tsoro. Matsalar ita ce ba ta san inda komai yake zama ba. Ɗalhatu yana gefe da kwamfuta a cinya, yana satar kallo. Ya ga ta manna matuƙin jirgin a gaba, ya cije leɓe. Ya ga ta ɗauko sandar baya za ta kafa a tsakiya, ya kasa daurewa.

“A gaya wa Hajiya,” ya ce yana kallon silin, “wannan ta baya ce.”

“A gaya masa in ya san wurinta ya taso.”

Ya taso. Haka suka fara, shi a wannan gefe, ita a wancan, suna aika wa juna saƙo ta firij, ta silin, wani lokaci ta fanka. Shi yana lanƙwasa katako a tururin butar shayi, ita tana riƙe masa har gam ya kama. Da aka zo igiyoyi ta kwance duk ƙullin da ya yi a baya, ta ce ko ɗan tsako ba zai ɗauru da su ba. Shi kuma ya hana ta yin ƙyallen jirgin, wanda iska ke turawa, da ragowar atamfarta mai ruwan goro. Ya nuna mata tsofaffin hotuna, ya ce fari ne, iska da gishiri suka dafar da shi. Suka yanka tsohuwar rigar matashi suka jiƙa a ruwan shayi, tana mitar ɓarnar ganye, sannan ta yi masa kalmasa da ɗinkin da sai an kanne ido ake gani.

Ranar da ya manna wani ɗan akwati a can bayan jirgin, yana leƙe a kan ruwa, ta tambayi fanka ko na mene ne.

Ɗalhatu ya yi tari. “A ce mata nan ne... nan ne ake zagayawa.”

“Ake me?”

“Akwai rami a ƙasa. Teku ke ɗauka.”

“A fili? Mutum da girmansa, kifi na kallo?”

“Haka tarihi ya nuna, Hajiya.”

“Tarihi bai da kunya.”

Kafin a sha ruwa ta ɗinka wa akwatin labule daga atamfar nan da ya hana ta. Ta kuma samo ɗan dutsen carbi da ya tsinke, ta manna masa guntun waya, ta ajiye a gefen labulen a matsayin buta. Ɗalhatu ya buɗe baki zai ce babu wannan a hoto, ya tuna wa yake magana da ita, ya rufe.

Ana saura kwanaki Sallah suka zo ɗaga babbar sanda. Muhsinat tana kicin. Hajiya ta riƙe igiyoyi biyu da hannu ɗaya, na uku a haƙori, Ɗalhatu yana ɗiga gam. Hannunsa ya kauce, ɗigon ya nufi farin ƙyallen da ta yi kwana da kwanaki tana ɗinkawa. Ta tofar da zaren.

“Ɗalhatu! Kai Ɗalhatu, ba nan ba!”

Cokali ya faɗi a kicin. Muhsinat ta leƙo, ido waje. Ɗalhatu ya sandare da kwalbar gam a sama. Ita kuwa Hajiya ta gyara zaman tabarau.

“To, khalas, kamar yadda mutanen garin nan ke cewa. An riga an faɗa. Miƙo min hantsakin can, ka daina kallona kamar ka ga aljana.”

A daren Sallah jirgin ya tsaya a kan ƙafarsa. Ya ɗan karkata hagu, kuma in an matsa kusa ana jin ƙamshin sabulun wanka, amma Ɗalhatu da kansa ya yarda ya fi na farko kyau.

Da aka buɗe hanya a watan Satumba aka samar wa Hajiya jirgin Abuja. Ana gobe tafiya Ɗalhatu ya shigo ya same ta tana auna jirgin katakon da kamu, ga kwali a gefe da tsummoki.

“Hajiya, ina za a kai shi?”

“Gida mana.”

“Ai na ɗauka... nan zai zauna.”

“Igiya tawa, ƙyalle nawa, labule nawa. Kai me ka sa ban da itace?”

Ya dubi Muhsinat neman agaji. Ta ɗaga hannu biyu ta ce ita ta yi ritaya daga aikin tafinta. Shi ya ɗaure kwalin da kansa, shi ya rungume shi a tasi har filin jirgi, yana roƙon direba ya bi a hankali.

Bayan mako guda Hajiya ta kira, kuma wayarsa ta kira, ba ta ’yarta ba. Ta ce ta fitar da tangaran daga kabad ta sa jirgin a ciki, ta kulle, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta saboda jikoki. Sannan ta tambayi wanne za a yi na gaba. Ya ce yana tunanin wani ɗan ƙarami na masunta.

“A'a,” in ji ta. “Nemo mai sanda uku. Ka yi ta fama da katakonka, amma kada ka kuskura ka ƙulla ko zare ɗaya sai na zo ganin likita.”