Madubin da Marigayi Ya Saita

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya halicci haske, Ya sanya wa kowane abu iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ka daidaita harshenmu.

Bayan haka, an yi wani Farfesa da ya ƙarar da rayuwarsa a kan ɗan ƙyallen maganaɗisu wanda bai kai farce ba. A cikinsa akwai yankuna, wannan na fuskantar sama, wancan ƙasa, tsakaninsu da katangar da ido ba ya gani. Burinsa ya auna gudun katangar nan: walƙiyar farko ta leza, wato na'urar harba siririn haske mai ƙarfi, ta tunkuɗe ta, ta biyu ta zagayo ta kan madubai ta ɗauki hotonta tana cikin tafiya. Ajali ya riske shi bai gani ba.

Ya bar ɗalibarsa ta ƙarshe, wadda ake kira Auta. Hukumar makaranta ta ce in zango ya ƙare babu sakamako, za a kwashe teburin gwajin a ba wasu ɗakin. Kullum tana kunna leza, kullum allon da hoton zai fito dishi-dishi. Madubai kuwa ta hana kowa taɓawa, har ita kanta, domin hannun marigayi ne ya saita su.

Wata safiya Dogo, tsohon ɗalibin Farfesa, ya leƙo.

"Auta, ɗakin bincike ne nan ko hubbare? In cire takalmi?"

"Yaya Dogo, in ba taimako ya kawo ka ba, ja mini ƙofa. Ƙura kake shigo mini da ita."

"Yaushe rabon da a murɗa madubin can?"

"Tun ranar da marigayi ya bar shi."

Dogo ya riƙe baki. "Ai ke sai ya gama kike zuwa! Kowace safiya sai ya murɗa shi. Ƙarfe na motsi da zafi da sanyi. Abin da kike gadi ya daɗe da gocewa."

"In na taɓa hasken ya ɓace gaba ɗaya fa?"

"Sai ki nemo shi. Shi ma ya sha nema."

Ta sa tabaran kariya, ta yi bismilla, ta murɗa. Hasken ya ɓace. Dogo ya miƙo hannu zai karɓa.

"Matsa," in ji ta.

Ta bi madubai ɗaya bayan ɗaya da ɗan katin gano haske, ba ta ɗago ba sai don sallah. Wajen la'asar walƙiyoyin biyu suka haɗu a kan ƙyallen. Katanga ta fito a allo, siririya kamar zare. Auta ta ja madubi baya kaɗan don walƙiya ta biyu ta ɗan makara, sai ga katangar ta matsa gaba. Ta sake ja, katangar ta sake matsawa. Ta auna gudun katangar, hawaye na zuba.

"To, sai dai hukuma ta nemi wani ɗakin," in ji Dogo.

"Gobe ka zo da wuri," ta ce. "Akwai murɗa madubi."

Allah Ya jiƙan Farfesa da dukan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu. Mai karatu kuma, Allah Ya ba ka ilimi mai amfani da ƙarfin zuciyar riƙe shi. Amin.